Kunne da Hannu: Tarihin Dashen Na'urar Ji da Kuramen Zangon Accra

Abubuwa uku sun auku a shekarar 1957 waɗanda ya kamata mai nazarin tarihin kurame a Afirka ta Yamma ya riƙe. Ranar 25 ga Fabrairu, a birnin Paris, likitan kunne Charles Eyriès da abokin aikinsa André Djourno suka dasa wata 'yar waya a kan jijiyar ji ta wani mutum da ya kurumce ƙurmus. Ranar 6 ga Maris Ghana ta sami 'yancin kai. A watan Satumba kuma wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Andrew Foster, wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a wani aji da ya aro a unguwar Osu, tafiya kaɗan daga Adabraka a birnin Accra, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara. Na Paris sun nufi kunne, Foster kuwa hannu ya nufa. Duk wanda a yau aka ce masa ɗansa ba ya ji, a Nima yake ko a Maamobi ko a Sabon Zango, tsakanin waɗannan hanyoyi biyu zai tsinci kansa.

Kafin mu shiga tarihin, sai mu san abin da ake dasawa. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa naɗaɗɗiya mai siffar katantanwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. A cikinta akwai dubban ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. In suka mutu ba sa sake tsirowa. Na'urar ƙara ji da aka saba gani ƙara amo kawai take yi, don haka ba ta amfanar wanda gasun nan nasa suka ƙare. Na'urar dashe kuwa tsallake su take yi. Likita kan yi tiyata ya binne ɓangare ɗaya a ƙarƙashin fatar kai, ya zura siririyar waya cikin katantanwar. Ɗaya ɓangaren ana rataya shi a bayan kunne, maganaɗisu ya riƙe shi, shi ne ke ɗaukar sauti ya mayar da shi lantarki.

Mutumin da aka yi wa aikin a Paris ya ce abin da yake ji ya yi kama da kukan gyare. Da horo ya riƙa gane 'yan kalmomi, irin su baba da mama a Faransanci. Ba a daɗe ba na'urar ta lalace, aka sake wata ita ma ta bi sahu, aikin ya tsaya. Labarin ne ya kai kunnen William House a Los Angeles, ya yi nasa dashen a 1961. Na'urar zamani mai hanyoyi da yawa ta fito ne daga wurare biyu kusan lokaci guda: Ingeborg da Erwin Hochmair a Vienna cikin Disamba 1977, da Graeme Clark a Melbourne ta Ostireliya cikin Agusta 1978. Mahaifin Clark kurma ne mai sayar da magani, kuma ganin yadda yake fama da masu saye a kantinsa ne ya jefa ɗan cikin wannan bincike. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da yi wa manya dashe a 1984, sannan yara 'yan shekara biyu zuwa sama a 1990. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa na'urori sama da 700,000 a duniya, kuma kason Afirka kudu da Sahara a ciki bai taka kara ya karya ba.

Masu zaɓen dashe ba jinsi ɗaya ba ne, kuma yawan gardamar da ake yi ta samo asali ne daga haɗa su a kwando guda. Akwai wanda ya tashi da ji, ya koyi magana, daga baya ciwo ko haɗari ya ɗauke masa. Irin wannan shi ne Rod Saunders, wanda Clark ya fara yi wa aiki, haɗarin mota ne ya kurumtar da shi yana da shekara 46. Mutum irin wannan harshensa na baki ne, matarsa da 'ya'yansa da abokan cinikinsa duk da baki suke magana. Abin da ya ɓace masa shi ne mutanensa, su yake nema ya dawo cikinsu. Heather Whitestone, kurmar da ta zama sarauniyar kyau ta Amurka ta 1995, ta bayyana cewa ta yanke shawarar yin dashe a 2002 bayan ɗanta ya faɗi yana kuka ba ta ji ba. Marubuci Michael Chorost, wanda sauran jinsa ya tafi cikin yini ɗaya a 2001, ya yi shekaru yana neman a gyara masa manhajar na'urarsa don ya sake jin wani kiɗa da yake ƙauna tun yana saurayi. A Zango dalilan ba za su yi nisa da waɗannan ba: jin kiran salla, bin karatun liman, amsa waya, da yin ciniki. Ciniki a nan ba ƙaramin abu ba ne, tun da ana cewa sunan Adabraka kansa daga “albarka” ya fito, kalmar da 'yan kasuwar Hausawa kan faɗa in tayi bai kai ba.

Rukuni na biyu su ne jariran da aka haifa kurame, kuma su ba su ne ke zaɓa ba. Bincike a Amurka ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. Uwar da ba ta taɓa zama da kurma ba, in aka ce mata akwai aikin da zai sa ɗanta ya kira ta da baki, da wuya ta tsaya dogon tunani. Likitoci kuma suna gaggauta ta da hujja, domin ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓar harshe a shekarun farko. Shi ya sa Amurka ta sauko da shekarun dashe zuwa wata 12 a shekarar 2000, sannan wata 9 a 2020.

A nan ne rigima ta tashi. A 1991 ƙungiyar kurame ta ƙasar Amurka ta fito ta soki yi wa yara dashe, sai a 2000 ta sassauta ta ce zaɓi ne cikin zaɓuɓɓuka, muddin ba a hana yaro maganar hannu ba. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka taurin kai ne. Amma kurame ba su manta da taron Milan na 1880 ba, inda malamai masu ji suka zartar cewa a daina koyarwa da hannu, aka shafe kusan ƙarni guda ana tilasta wa yara karanta leɓe. Ghana ma ta ɗanɗana. Foster ya zo da maganar hannu ta Amurka, makarantarsa ta koma Mampong-Akuapem a 1959, amma daga shekarun 1960 manufar ilimi ta karkata ga koyar da magana ta baki, yara suka ci gaba da maganar hannu a ɗakunan kwana da filin wasa. Daga nan maganar hannu ta Ghana ta ginu, ƙungiyar kurame ta ƙasa kuma ta kafu a 1968.

Akwai wani darasi mafi kusa. Kimanin kilomita 40 daga Accra, a gindin duwatsun Akuapem, akwai ƙauyen Adamorobe, inda kurumta ta gado ta yi yawa har mutanen garin, masu ji da marasa ji, suka mallaki maganar hannu tasu ta kansu wadda ta girmi makarantar Foster nesa ba kusa ba. A 1975 sarkin garin ya hana kurma ya auri kurma, don a rage haihuwar kurame. A 1998 masu bincike suka gano ƙwayar gadon da ke jawo abin. Victoria Nyst ta yi nazarin nahawun harshen, Annelies Kusters kuma ta rubuta yadda kuramen garin ke jin zafin waccan doka har bayan shekaru da dama. Kurman da ya san wannan labari, in ya ji ana tallar maganin kurumta, yana da dalilin tambaya ko shi ake son taimaka wa, ko irinsa ake son a ga bayansu.

Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Kalmominmu sun bambanta kurma, wanda ba ya ji, da bebe, wanda ba ya magana, ko da yake a bakin jama'a sukan cakuɗe. A Kano da sauran biranen ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda ake kuma kira maganar bebaye, har da sarautar Sarkin Bebaye. Ba mishan ne ya kawo ta ba, kurame ne ke gadar da ita ga junansu a dandali da kasuwa, tun kafin a buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977. Constanze Schmaling ta wallafa cikakken nazari a kanta a shekarar 2000 da sunan Maganar Hannu. Malaman fiƙihu kuma tun tuni sun zartar cewa ishara mai fahimtuwa ta bebe tana tsayawa a madadin furuci a ciniki da aure. Sai dai yaron Zangon Accra da ya shiga makarantar kurame, maganar hannu ta Ghana zai koya, rubutu kuma da Turanci, alhali a gida Hausa ake yi. Sau da yawa yakan dawo hutu da harshen da babu mai iya shi a gidan. Wannan giɓi, a ganina, ya fi komai ingiza iyaye su yi mafarkin na'ura, kuma rabinsa zai cike da a ce iyayen sun koyi maganar ɗansu.

Wani abu da ya ɗaure Zango da wannan batu shi ne sanƙarau. Mutanen Zango ba sa rabuwa da zirga-zirga zuwa arewacin Ghana, Burkina Faso, Nijar da arewacin Nijeriya, waɗanda duk suna cikin yankin da cutar ke ɓarkewa daga hunturu zuwa bazara. A annobar 1996 kaɗai, sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga mai tsananin kan rayu da lahani, kurumta na daga ciki. Shi kansa Foster sanƙarau ne ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11. Abin lura shi ne, bayan wannan ciwo katantanwar kunne kan fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin 'yan makonni, har wayar ta kasa shiga. Ke nan wanda ya fi kowa dacewa da dashe, mai magana da ya rasa ji dare ɗaya, shi ne ya fi kowa ƙarancin lokacin haɗa kuɗi. Kuɗin kuwa dubban daloli ne masu yawa, kuma inshorar lafiya ta ƙasa da Ghana ta kafa a 2003 ko na'urar ƙara ji ba ta biya. Ana gwajin ji a asibitin Korle Bu da na Komfo Anokye a Kumasi, amma tsakanin gwaji da dashe akwai tazara.

To, wanda ya samu, me yake ji? Ana kunna na'urar ne 'yan makonni bayan tiyata, kuma masu ita sun yi ittifaƙi cewa sautin farko ba shi da daɗi. Muryoyi kan fito kamar ta tsohuwar rediyo, ta mace da ta namiji duk ɗaya. Dalili kuwa a fili yake: bakunan lantarki 12 zuwa 22 ne ke ƙoƙarin yin aikin ƙwayoyi kusan 3,500. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon fassara a hankali, cikin watanni, tare da komawa asibiti a kai a kai don daidaita na'urar. Da yawa daga manyan da suka kurumce bayan sun iya magana sukan kai ga hira ta waya. Wasu ba sa kaiwa, musamman waɗanda suka daɗe ba sa ji, wasu ma sukan ajiye ta su koma ga hannu. Hayaniya ita ce babbar abokiyar gaba, don haka wanda ke jin komai a cikin ɗaki zai iya rasa gane kalma ɗaya a kasuwar Nima ko tashar motocin Circle. Ga batir, ga zufa da ƙurar hunturu da ke lalata ɓangaren waje, ga kuɗin sauya shi bayan 'yan shekaru. In aka cire ta don barci ko wanka, mutum kurma ne kamar jiya. Tiyatar kanta tana iya tafiya da ɗan sauran jin da ke kunnen, tana kuma ƙara haɗarin sanƙarau, shi ya sa ake yin rigakafi kafin a yi ta.

Akwai kuma matsalar da ta shafi ɗaliban harshe kai tsaye. An gina tsarin waɗannan na'urori ne bisa harsunan Turai, inda hawa da saukar murya ba sa sauya ma'anar kalma. Na'urar tana isar da tsawon sauti da ƙarfinsa yadda ya kamata, amma tana da rauni wajen kaifinsa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Tsawon wasali zai taimaka wa mai na'ura ya raba gari na zama da gari na tuwo. Amma wuya ta jiki da wuya ta wahala, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, kari kaɗai ya raba su, sai dai jimla ta cece shi. Binciken da aka yi a kan masu jin Sinanci, wanda shi ma harshe ne mai kari, ya nuna cewa masu dashe suna shan wahalar bambance karin fiye da masu ji, ko da yake yaran da aka yi wa da wuri sun fi iyawa. Yaron Adabraka ko Maamobi kuwa ba Hausa kaɗai ke shiga kunnensa ba. A ƙofar gida zai ji Ga, a cikin motar haya zai ji Twi, maƙwabcinsa wataƙila Dagbani yake yi ko Ewe, kuma dukkansu harsuna ne masu kari.