Keke da nisan makaranta a Bihar

A watan Nuwamban 2005, lokacin da Nitish Kumar ya zama babban ministan Bihar, jihar tana cikin mafiya talauci a Indiya, kuma 'yan matan ƙauye da yawa a aji takwas karatunsu yake tsayawa. Makarantun firamare suna kusa da gida, na sakandare kuwa 'yan kaɗan ne, sai an yi tafiyar kilomita da dama kafin a isa. Talaka ba shi da kuɗin motar kullum, hankalinsa kuma ba ya kwanciya a ce 'yarsa ta ratsa gonaki a ƙafa ita kaɗai. Sai a bar ta a gida, ba a jima ba zancen aure ya taso.

A 2006 gwamnatin jihar ta ɓullo da wani shiri: duk yarinyar da ta shiga aji tara a makarantar gwamnati za a ba ta rupee 2,000 ta sayi keke. Ta hannun makaranta kuɗin yake bi, iyali su sayi keken da kansu su kawo rasit. Wannan tsari ya toshe wata kafa da aka saba, domin babu kwangilar sayo dubban kekuna balle wani ya ci rabinta.

Indiya ta taɓa ganin irin haka. A 1991, a gundumar Pudukkottai ta jihar Tamil Nadu, shugabar mulkin gundumar, Sheela Rani Chunkath, ta haɗa yaƙi da jahilci da koya wa mata tuƙin keke. Ɗan jarida P. Sainath ya ruwaito cewa cikin wata 18 mata fiye da 100,000 sun koya, har kekunan mata suka ƙare a kasuwa aka koma sayen na maza. Mai sayar da kayan gona ta daina ɓata rabin yini tana jiran bas. Amma a Bihar ne aka samu damar auna sakamakon da alƙaluma.

Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, suka yi wannan aiki, aka buga shi a 2017. Sun kwatanta 'yan matan Bihar da samarinta, waɗanda da farko ba a ba su keke ba, sannan suka kwatanta su da yaran Jharkhand, maƙwabciyar da aka cire daga jikin Bihar a 2000 kuma a lokacin ba ta da irin shirin. Sun gano cewa shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, tazarar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40.

Inda ƙarin ya taru shi ya fi bayyana sirrin abin. A ƙauyukan da makaranta take bakin ƙofa, keken bai canza abu mai yawa ba. Haka ma inda nisan ya wuce kima. A tsaka-tsaki ne ya yi aiki, wato tazarar da ta fi ƙarfin ƙafa amma ba ta fi ƙarfin keke ba. Ashe iyaye da yawa ba ƙin karatun suke yi ba, hanya ce take hana su. Kuma da yake ajin gaba ɗaya aka bai wa, 'yan mata sukan fita a ayari, abin da ya rage fargabar hanya da tsegumin unguwa. Masanan sun kuma samu cewa shirin ya fi shirye-shiryen raba tsabar kuɗi na kudancin Asiya araha wajen kai yarinya sakandare. Ba abin mamaki ba ne: kuɗi yakan narke a cefane, keke kuwa kullum yana jingine a tsakar gida.

Sai dai keke ba ya koyar da lissafi. Yawan 'yan matan da suka zauna jarrabawar aji goma, wadda takardarta ke buɗe ƙofar ƙarin karatu da aikin albashi, ya ƙaru da kashi 18, amma na waɗanda suka ci da kashi 12 kawai ya ƙaru.