Banɗaki a Finafinan Soyayya na Indiya

Finafinan Indiya sun shafe shekaru suna nuna ƙauye da gonaki da rawa a gefen kogi, amma ba kasafai suke nuna inda mutanen ƙauyen ke kewayawa ba. Alhali ƙidayar 2011 ta nuna cewa sama da rabin gidajen ƙasar ba su da banɗaki. Mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin sai su riƙe cikinsu har duhu ya shiga, ko su yi sammako da buta zuwa bayan gari.

Tun kafin masu fim su waiwayi lamarin, matan da kansu sun fara tayar da ƙayar baya. A 2005 aka soma wani gangami a jihar Haryana mai kira ga iyaye kada su aurar da 'ya'yansu gidan da babu makewayi. A 2011 kuma wata amarya mai suna Anita Narre, a gundumar Betul ta jihar Madhya Pradesh, ta yi yaji 'yan kwanaki bayan tarewa, ta ce ba za ta koma ba sai an gina mata banɗaki. Aka gina, ta koma, ƙungiyar Sulabh International ta karrama ta. A ranar 2 ga Oktoba 2014 gwamnatin Narendra Modi ta ƙaddamar da shirin tsafta na Swachh Bharat.

Daga irin labarin Anita aka gina fim ɗin Toilet: Ek Prem Katha, wanda Shree Narayan Singh ya ba da umarni, ya fito ranar 11 ga Agusta 2017. Akshay Kumar ya fito a matsayin Keshav, mai shagon kekuna a wani ƙauye kusa da Mathura, Bhumi Pednekar kuma ita ce Jaya, budurwa mai ilimi da ta tashi a gidan da ke da banɗaki. Washegarin tarewa matan unguwa suka zo tun asuba su tafi da ita jeji, nan ta gane inda aka kawo ta. Sauran fim ɗin yaji ne da biko. Keshav ya riƙa kai ta tasha ta shiga banɗakin jirgin ƙasa kafin ya tashi, ya sato na masu ɗaukar fim, daga baya ya gina nasa a tsakar gida, mahaifinsa mai tsananin riƙo da al'ada ya sa aka rushe. Gwanintar fim ɗin ke nan: ya sa an yi dariya a kan abin da kunya ta hana a ambata, ba tare da an yi wa matan dariya ba.

Ya yi kasuwa sosai, har aka nuna shi a Sin a 2018. Masu suka sun ce ya yi kama da tallar gwamnati, kuma ya kau da kai daga 'yan Dalit, ajin da aka fi ƙasƙantarwa a Indiya, masu yashe masai da hannu. Wannan suka tana da ƙarfi, domin kowane rami da aka haƙa wata rana sai an kwashe shi. Finafinan harshen Tamil sun fi zafi a nan: Joker na Raju Murugan, a 2016, ya nuna almundahanar da ake yi da kuɗin gina banɗaki, shirin gaskiya na Kakkoos kuma, a 2017, ya bi rayuwar su masu yashe masai ɗin.