Jamsetji Tata: Attajirin da Ya Shuka, Wasu Suka Girbe

Idan a nan Ingila kuke zaune, wataƙila ko yau da safe kun sha shayin Tetley. Ni dai shi ne abokin hirata a aikin dare, idan marasa lafiya sun samu barci. To ku sani, tun 2000 kamfanin Tata na Indiya ne ya saye shi, kamar yadda ya sayi Jaguar da Land Rover a 2008. Kafin ku tambaya: a'a, babu dangantaka da Ɗantata namu na Kano, suna ne kawai ya zo kusa. Wata abokiyar aikina 'yar Indiya ce ta fara tsakuro mini labarin wanda ya kafa gidan, ni kuma na bi diddigi.

An haifi Jamsetji Tata ranar 3 ga Maris, 1839 a garin Navsari da ke Gujarat. Danginsa 'yan ƙabilar Parsi ne, zuriyar mabiya tsohon addinin Farisa, waɗanda littattafanmu ke kira Majusawa. Gidansu gidan malaman addini ne kaka da kakanni, sai mahaifinsa Nusserwanji ya kama kasuwanci. Yaron ya bi shi Bombay yana ɗan shekara 14, ya gama kwalejin Elphinstone a 1858, shekarar da gwamnatin Ingila ta karɓi mulkin Indiya kai tsaye daga hannun kamfanin da ke riƙe da ƙasar.

Bari in fara da inda kuɗin ya fito, don masu yabo sukan tsallake wurin. Cikin hajar da gidan ya yi fataucinta zuwa ƙasar Sin har da ofiyom, kayan mayen da ya kassara mutane bila adadin a can. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, masaƙun Lancashire suka rasa auduga, suka koma kan ta Indiya, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Yaƙi na ƙarewa a 1865 kasuwa ta rushe, gidan Tata ya kusa durƙushewa. Kun san abin da ya tashe su? Yaƙi a kan Afirka. Rundunar Ingila ta tashi daga Bombay ta tafi Habasha yaƙar Sarki Tewodros, mahaifin Jamsetji kuma yana cikin waɗanda suka samu kwangilar kai wa sojojin kayan masarufi. A Afrilun 1868 aka ci Magdala, Tewodros ya kashe kansa don kada a kama shi. A shekarar nan Jamsetji ya buɗe kamfaninsa da jarin rufi 21,000.

Daga nan ya juya ga masana'anta. Ya zo Lancashire ya duba yadda ake saƙa, ya koma gida ya ƙi gina masaƙarsa a Bombay inda kowa ke ginawa. Ya tafi Nagpur, kusa da gonakin auduga da kwal da layin dogo. Aka yi masa dariya. Ranar 1 ga Janairu, 1877, ranar da aka naɗa Sarauniya Victoria mai sarautar Indiya, ya buɗe masaƙar, ya raɗa mata suna Empress. Kun ga mutum ne da ya san da wa yake zaune.

A nan ne ya fara shiga raina. Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon ma'aikacin masaƙa ya san abin da ƙurar auduga ke yi wa huhu: tari ba ƙarewa, numfashi da ƙyar. Jamsetji ya sa na'urorin shigar da iska da masu jiƙa ta, da masu fesa ruwa idan gobara ta tashi. A 1886 ya kafa wa ma'aikata asusun ajiyar tsufa, a 1895 ya fara biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, alhali babu dokar da ta tilasta masa. Tausayi ne ko lissafi? Duka biyun. Ma'aikaci mai lafiya ba ya gudu. Amma fa aikin masaƙa a zamanin daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta, kada ku ɗauka aljanna ce.

A 1896 annoba ta faɗa wa Bombay, irin wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa. Hukuma ta shiga bincike gida-gida, tana kwashe marasa lafiya da ƙarfi, mutane suka tsorata suka yi ta gudu daga birnin. Wani masani, Waldemar Haffkine, ya haɗa rigakafi, ya gwada a jikinsa a Janairun 1897. Jama'a suka ƙi yarda. Jamsetji ya miƙa hannu aka yi masa, ya matsa wa iyalinsa da ma'aikatan gidansa da abokansa su ma su yi. Wallahi da na karanta wannan sai na tuna lokacin korona, da saƙonnin da 'yan'uwa suka riƙa turo mini a WhatsApp. Babban mutum ɗaya da ya naɗe hannun riga a gaban jama'a ya fi takardar wayar da kai dubu.

A kyauta ma yana da nasa ra'ayi. A ganinsa, abin da ke ɗaga ƙasa shi ne a tallafa wa masu hazaƙa su kai ƙololuwa, fiye da ciyar da mabuƙata kullum. A 1892 ya kafa asusun tura ɗalibai karatu waje, kuma wadda ta fara amfana mace ce likita, Freny Cama, da ta tafi Edinburgh ƙaro ilmin haihuwa da cututtukan mata. Dalilin ba baƙo ba ne a gare mu: mata da yawa ba sa yarda namiji ya duba su. A 1898 ya ware dukiya ta rufi miliyan 3 don kafa cibiyar binciken kimiyya. Gwamna Janar Curzon ya yi ta jan ƙafa, wai ina za a samu ɗaliban, kuma wane aiki za su yi idan sun gama? Sai 1909 aka kafa ta a Bangalore, a filin da masarautar Mysore ta bayar. C. V. Raman, wanda ya ci kyautar Nobel, ya shugabance ta daga 1933.

Jamsetji bai ga wannan ba. Cikin manyan burinsa huɗu, otal ɗin Taj Mahal na Bombay kaɗai ya gani, wanda aka buɗe a Disambar 1903. Ya rasu ranar 19 ga Mayu, 1904 a Bad Nauheim ta Jamus. Ɗansa Dorabji ne ya kafa kamfanin ƙarfe a 1907, da hannun jarin Indiyawa kimanin 8,000, aka fara fitar da ƙarfe a 1912, wutar lantarki daga ruwa ta biyo baya a 1915. Ƙarfen nan ya yi wa Ingila layin dogo a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa a 1919 Gwamna Janar ya raɗa wa garin Sakchi suna Jamshedpur. Bai yi wa 'yan mulkin mallaka tawaye ba. Ya ci da su, ya kuma gina abin da ya rage bayan tafiyarsu. Har yau kusan kashi biyu cikin uku na uwar kamfanin a hannun gidauniyoyin taimako yake.

Ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Na sha ganin abin da yunwa ke yi wa jikin yaro, kuma mai jin yunwa ba zai jira a yaye likita ba. Zakka ma haƙƙin matalauci ce. Amma ku duba kuɗin da muke turawa gida duk wata: na asibiti, na biki, na buhun shinkafa. Nawa ne a ciki zai rage bayan shekara ashirin? Da mu goma za mu haɗu mu ɗauki nauyin yarinya ɗaya daga unguwarmu ta karanci ungozoma har ta gama, da mata nawa za su haihu lafiya a hannunta?

Kabarinsa yana nan Ingila, a maƙabartar Brookwood kusa da Woking, inda Musulmi ma ke da nasu ɓangaren. Idan kai ziyara ko jana'iza ta kai ku can, kun san wanda ke kwance a ɓangaren Parsi. Allah Ya sa mu bar abin da za a amfana da shi bayanmu.