Yadda manhajojin karanta allo ke furta gajerun sunaye a shafukan intanet

Manhajar karanta allo ita ce wadda ke mayar da rubutun da ke fuskar kwamfuta ko waya zuwa murya, ko zuwa rubutun makafi na Braille. Fitattu daga cikinsu sun haɗa da JAWS, da NVDA wadda aka fara samarwa kyauta a Ostireliya a shekarar 2006, da VoiceOver ta kamfanin Apple, da TalkBack ta wayoyin Android.

Taƙaitattun sunaye na daga cikin abubuwan da ke yi wa waɗannan manhajoji tarnaƙi. Mai gani ya san ana furta INEC a matsayin kalma guda, EFCC kuwa harafi bayan harafi. Ita manhajar tana dogara ne da ƙamus da ƙa'idojin muryar da aka ɗora mata. Shi ya sa muryar Ingilishi kan iya karanta WHO, wato Hukumar Lafiya ta Duniya, tamkar kalmar tambaya ta Turanci mai nufin “wane ne”. Haka kuma ba ta san MDD na nufin Majalisar Ɗinkin Duniya ba, ko Alh. na nufin Alhaji.

Harshen gina shafuka na HTML ya tanadi alamar abbr, inda ake ɓoye cikakken suna a bayan gajeren. Mai amfani da linzamin kwamfuta yana ganinsa idan ya ɗora kibiya a kai. Sai dai akasarin manhajojin karanta allo ba sa furta shi a saitinsu na asali. A JAWS, sai mai amfani ya kunna zaɓin da kansa.

Saboda haka masu gwaji kan rubuta jimla ɗaya ta hanyoyi daban-daban: da alamar abbr, da ɗigo tsakanin haruffa, da kuma cikakken suna a fili. Daga nan sai su saurari kowace da manhajoji da burauza iri-iri, a kwamfuta da waya, ba tare da sauya saitin asali ba, domin sakamakon kan bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan.

Ƙa'idojin WCAG 2.0, da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008, sun buƙaci a sashe na 3.1.4 a samar da hanyar gane ma'anar kowane taƙaitaccen suna, kodayake sun sanya sharaɗin a mataki mafi tsauri na AAA.

Hanyar da ba ta dogara da saitin kowace manhaja ba ita ce rubuta cikakken suna a farkon ambato, gajeren ya biyo baya. A Najeriya, inda aka sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019, sanarwar zaɓe, lafiya ko jarrabawa da makaho bai gane hukumar da ta fitar da ita ba, ba ta isa gare shi ba.