Bakin tafinta, idon baƙo: matafiya uku a birnin Istambul

1. Gabatarwa

Labaran matafiya suna cikin manyan madogaran masu binciken tarihi. Sai dai sau da yawa mukan tambayi abin da matafiyi ya gani, mu manta da tambayar wanda ya yi masa bayanin abin da ya gani. A cikin wannan ɗan nazari za mu duba baƙi uku da suka ziyarci Istambul, ko Santambul kamar yadda magabatanmu ke faɗi, a zamunna dabam-dabam: Ibn Batuta a ƙarni na 14, Busbecq a ƙarni na 16, da Lady Montagu a ƙarni na 18. Abin da muke son nunawa shi ne darajar shaidar kowanensu ta rataya ne ga hanyar da magana ta bi kafin ta iso kunnensa.

2. Ibn Batuta: kunne mai kyau, labari mai tangarɗa

Ibn Batuta, mutumin Tanja, ya shiga birnin wajen shekarar 1332 (wasu masana sun fi karkata ga 1334), lokacin yana hannun Rumawa Kiristoci. Ya zo ne cikin ayarin Bayalun, matar Uzbak Khan, wadda ta taho haihuwa gidan mahaifinta, sarkin Rum. Ya yi wata ɗaya da kwana shida a can. Da ya je gaban sarki, wani Bayahude mutumin Sham ne ya yi masa tafinta, kuma shi da kansa ya roƙi a haɗa shi da mai yi masa jagora cikin gari.

Ga mai nazarin harshe, abu mafi daraja a labarinsa shi ne sunan birnin. Ya ce kashi biyu ne, ruwa ya raba su: Astanbul da Galata. Ke nan fiye da shekaru 100 kafin Usmaniyawa su ci birnin a 1453, ana kiran sa da wannan suna. Hakan ya dace da bayanin al-Mas'udi na ƙarni na 10, kuma yana ƙarfafa ra'ayin mafi yawan masana cewa kalmar ta samo asali daga furucin Girkanci mai ma'anar "zuwa birni" ko "cikin birni". A nan, abin da kunnensa ya ji shi ya rubuta.

Amma inda ya dogara ga abin da aka faɗa masa, sai labari ya canza. Bai shiga majami'ar Aya Sofiya ba, domin an ce masa sai wanda ya rusuna wa gicciye ke shiga. Daga waje ya siffanta ta. Ya ruwaito cewa Asafu ɗan Barkiya, na zamanin Annabi Sulaiman, shi ya gina ta, alhali sarki Justiniyan ne ya kammala ginin a 537. Haka kuma ya ce ya gana da tsohon sarki, mai suna Jirjis, wanda ya bar sarauta ya koma ibada. Tsohon sarkin da tarihi ya sani shi ne Andronikos na 2, wanda ya rasu a farkon 1332, kafin lokacin da aka ƙiyasta zuwan baƙon. Ko jagora ne ya nuna masa wani limamin Kirista ya ƙara gishiri, ko kuma tunani ne ya rikice kafin a rubuta littafin a 1355, sakamakon ɗaya ne.

3. Busbecq: kalmomi ta baki uku

Ogier Ghiselin de Busbecq, ɗan ƙasar Filanda ta Turai ta yamma (Flandre), ya wakilci Ferdinand na Otirishiya a fadar Sultan Sulaiman daga 1554 zuwa 1562. Wasiƙunsa huɗu na Latinanci sun yi suna, amma ta huɗun ce masana harshe suka fi kulawa da ita. A ciki ya ba da labarin wasu mutane biyu daga Kirimiya da tafintocinsa suka gamu da su a Istambul, suka kawo masa su gida. Daga gare su ya rubuta kalmomi kusan 80 na wani harshe dangin Jamusanci, wanda ake kira Gotanci na Kirimiya. Wannan jeri shi ne kusan duk abin da ya rage na harshen.

Mu duba yadda aka tattara shi. Shi Busbecq ya faɗa cewa ɗaya daga cikin mutanen, wanda harshen nasa ne na gado, ya manta shi. Wanda ya ba da kalmomin Bagirke ne da ya koya ta hanyar cuɗanya. Tafinta ya shiga tsakani, mai rubutu ya ji sautukan da kunnen harshensa na gida, sa'an nan masu ɗab'i suka ƙara nasu kurakurai. Shi ya sa har yanzu ake muhawara a kan furucin kalmomin. Duk da haka Busbecq ya cancanci yabo, domin ya bayyana waɗanda ya yi aiki da su, abin da ya ba masu bincike damar auna kowace kalma.

Wahalar dogaro ga tafinta ba shi kaɗai ta dama ba. A 1669 Colbert ya kafa makarantar koya wa samarin Faransa harsunan gabas don su yi aiki a Istambul. Kalmomin Faransanci drogman da truchement duk sun fito ne daga Larabci tarjuman, saiwa ɗaya da tarjama ta Hausa.

4. Lady Montagu: baƙuwar da ta koyi harshe

Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila, ta zauna a unguwar Pera daga 1717 zuwa 1718. Abu biyu suka bambanta ta da na baya. Na farko, mace ce, tana shiga cikin gidaje inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Ta kuwa soki marubuta maza da ke siffanta matan da ba su taɓa gani ba. Na biyu, ta koyi Turkanci. A Edirne wata Bagirkiya ce ta yi mata tafinta da ta ziyarci Fatima, matar wani babban jami'in daula. Da suka sake haɗuwa a Istambul, kai tsaye suka yi zance, kuma a lokacin ne ta gano kaifin basirar matar, bayan da farko kyawunta kawai ta iya bayyanawa. Ita ce kuma ta ba da labarin yadda tsofaffin mata ke yin lambar agana, har ta sa aka yi wa ɗanta a watan Maris na 1718.

Wannan bai sa wasiƙunta suka fi ƙarfin bincike ba. Da manyan mata ta yi hulɗa, ba da talakawa ba, kuma ta sake tsara rubutun bayan komawarta gida. Sai a 1763 aka buga shi, shekara guda bayan rasuwarta.

5. Kammalawa

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ibn Batutan da ya siffanta Aya Sofiya daga waje, shi ne ya ziyarci Takadda a 1353, kuma bayaninsa a kan tagullar garin da cinikinta zuwa Gobir da Borno na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da muke kafa hujja da su a kan tarihin ƙasarmu. Haka Barth, wanda ya zauna Agadas a 1850. Kafin ɗalibi ya ɗauko jimla daga irin waɗannan littattafai ya sa a kundinsa, ya kamata ya rarrabe abu uku: abin da matafiyi ya gani da idonsa, sunan da ya ji da kunnensa, da labarin da aka fassara masa. Misalan Istambul sun nuna cewa na biyun, watau sunaye da kalmomi, yakan fi jure wa bincike, na ukun kuwa shi ya fi bukatar wata shaida ta dabam kafin a amince da shi.