Ƙuri'ar Reshe da Sa Hannun Gwamnati: Tarihin Yarjejeniyoyin Ƙungiyar ASUU a Najeriya, 1973–2022

Gabatarwa

Duk iyayen da suka taɓa tura ɗa karatun jami'a Sakkwato, Kano, Zariya ko Maiduguri, daga Maraɗi ne ko Damagaram ko Garwa, sun san sunan ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in gwamnati ta Najeriya. Galibi ta hanya marar daɗi suka san shi: yaro ya dawo gida da jakarsa a tsakiyar zangon karatu, ya ce malamai sun tafi yajin aiki, kuma ba wanda ya san ranar komawa. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne yadda ake yanke shawarar tafiya da ta dawowa, da dalilin da ya sa takarda guda da aka sa wa hannu a 2009 ta haifar da yajin aiki sau da dama bayanta. Wannan nazari zai bi tarihin tattaunawar ƙungiyar da gwamnatin tarayya, tare da mai da hankali kan wani bambanci da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Wakilin malamai ba ya sa hannu sai da yardar waɗanda suka aiko shi, alhali wakilin gwamnati yakan sa hannu a kan kuɗin da makullinsu ba ya hannunsa.

Asalin ƙungiyar

Tun a 1965 malaman jami'o'i biyar na wancan zamani, wato Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Ahmadu Bello ta Zariya, suke da ƙungiya. Sai dai ta fi kama da majalisar manyan ma'aikata masu kula da walwalarsu, ba ta da halin ƙungiyar ƙwadago. An ga rauninta a 1973, lokacin da malamai suka shiga yajin aiki kan albashi, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ba su zaɓi biyu: su koma aji ko su fice daga gidajen jami'a. Suka koma. Wannan abin kunya ya daɗe a zukatan malaman wancan ƙarni, ya kuma koya musu cewa shugabancin da ba shi da gindi a cikin mambobi sanarwa ɗaya ta isa ta tarwatsa shi.

An kafa ASUU a 1978. Shugabanninta na farko-farko, irin su Biodun Jeyifo, da masanin tarihi Mahmud Tukur na Zariya, da marubuci Festus Iyayi na Benin, sun ba ta sabuwar alƙibla. Suka faɗaɗa buƙatunta daga albashi zuwa kuɗin gudanar da jami'a da ƴancin jami'a na tafiyar da kanta. Tun daga lokacin kusan kowace tattaunawa a kan waɗannan ginshiƙai uku take tsayawa.

Yadda ake yanke shawara

Kowace jami'a reshe ce mai shugabanninta da babban taronta na mambobi. An rarraba rassan shiyya-shiyya, kuma shugabannin rassa su ne mafi yawan waɗanda ke zama a majalisar zartarwa ta ƙasa, tare da shugabannin ƙungiya na ƙasa. Idan batun yajin aiki ya taso, ko gwamnati ta kawo tayi, akan mayar da maganar rassa. Mambobi su taru su yi muhawara su kaɗa ƙuri'a, shugaban reshe ya ɗauki sakamakon ya kai majalisar zartarwa, a can ne ake haɗa matsayin rassa a fitar da hukunci. Saboda haka ne ƴan jarida suka saba jin shugaban ƙungiya, bayan doguwar ganawa da gwamnati, yana cewa sai ya koma ga mambobinsa kafin ya ce komai. Mutane da yawa kan ɗauki wannan a matsayin jan ƙafa, amma tsarin ƙungiyar ne ya hana shi ikon amsawa shi kaɗai.

Doka ma ta shigo cikin lamarin daga baya. Gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ya shardanta cewa kafin a shiga yajin aiki sai an kaɗa ƙuri'a kuma rinjayen mambobi ya amince. Haka kuma gyaran ya mayar da shiga ƙungiya ganin dama. Masu doka sun yi fatan wannan sharaɗi zai rage yajin aiki, sai dai bai dami ASUU sosai ba, domin ta riga ta saba da komawa rassa.

Yarjejeniyar 1992

Amfanin wannan tsari ya fito fili a zamanin soja. A 1988, ana tsakiyar tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, darajar naira ta faɗi, albashin malami ya zama abin tausayi, manyan masana suka yi ta ficewa zuwa ƙasashen waje. Ƙungiyar ta kira yajin aiki, gwamnati ta haramta ta, aka tsare wasu shugabanninta, ciki har da Iyayi da sabon shugabanta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ta Kano. An ɗage haramcin a 1990, aka sake dawo da shi a 1992 sakamakon wani yajin aikin. Amma dokar soja ofishin ƙasa kawai ta iya rufewa. Malamai sun ci gaba da taruwa a jami'o'insu, azuzuwa kuma sun kasance a kulle. Da gwamnati ta nemi wanda zai iya buɗe su, ba ta sami kowa ba sai mutanen da ta haramta wa ƙungiya. Da su ta zauna, aka sa hannu a ranar 3 ga Satumba, 1992.

Wannan yarjejeniya ta kawo ƙarin albashi da alƙawarin ƙarin kuɗin gudanarwa. Mafi ɗorewar abin da ya fito daga cikinta shi ne shawarar da malamai suka kawo ta a ɗora wa kamfanoni harajin ilimi. A 1993 aka yi dokar soja mai lamba 7, wadda ta sanya kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a wani asusu na musamman. Wannan asusu ne aka sake wa fasali a 2011 ya zama TETFund, wanda sunansa ke jikin ɗimbin gine-gine a jami'o'i da kwalejojin Najeriya a yau.

Sauran sassan yarjejeniyar ba su yi irin wannan sa'a ba. A 1993, Farfesa Ben Nwabueze, masanin shari'a da ke riƙe da ma'aikatar ilimi a lokacin, ya bayyana ra'ayin cewa wajabcin cika yarjejeniyar bai kai wanda kotu za ta tilasta ba. Maganar ta fusata malamai, amma tana da tushe a shari'ar da Najeriya ta gada daga Ingila, inda ake ɗaukar yarjejeniya tsakanin ƙungiyar ma'aikata da mai aiki a matsayin alƙawarin mutunci, sai fa idan an shigar da ita cikin sharuɗɗan aikin kowane ma'aikaci ko an ba ta ƙarfin doka. Darasin 1992 ke nan a taƙaice: sashen da aka mayar doka ya rayu, sashen da aka bari a takarda ya zama abin jayayya.

Daga 2001 zuwa 2009

Gwamnatin Janar Sani Abacha ta sake haramta ƙungiyar a 1996. Bayan dawowar mulkin farar hula aka cim ma sabuwar yarjejeniya a watan Yunin 2001. A wannan shekarar ce Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 da suka bi umarnin yajin aiki na ƙasa, shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli, wadda ta ba da umarnin a mayar da su a 2009. Shekaru takwas da suka yi a waje sun nuna cewa ƙuri'ar da malami ya kaɗa a taron reshe tana iya cin aikinsa.

An fara sabuwar tattaunawa a ƙarshen 2006, Gamaliel Onosode yana jagorantar ɓangaren gwamnati. Da aka zo sa hannu a 2009 sai gardama ta tashi: gwamnatin tarayya ta ce ba za ta ɗaura wa gwamnonin jihohi nauyin albashin jami'o'insu ba, ƙungiyar kuma ta ce mambobinta na jami'o'in jihohi da na tarayya ɗaya ne. Yajin aiki na wajen wata huɗu ya biyo baya, sai da Gwamna Adams Oshiomhole na Edo, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ya shiga tsakani, aka sa hannu a watan Oktoba. Yarjejeniyar ta ƙunshi sabon tsarin albashi, da alawus-alawus na ƙarin aiki, da kuɗin farfaɗo da jami'o'i, da ɗaga shekarun ritayar farfesa zuwa 70, da kuma sharaɗin a sake duba ta duk bayan shekara uku. Batun ritaya ya tabbata a 2012 bayan wani yajin aikin, domin an yi masa doka. Sauran kuwa su ne suka cika shekaru goma sha uku da suka biyo baya da rikici.

Shekarar 2013

Ba shekarar da ta nuna nauyin ƙuri'ar rassa kamar 2013. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 ya zagaya jami'o'i ya tabbatar da lalacewar ɗakunan gwaje-gwaje da cunkoso a azuzuwa da ɗakunan kwana. Yajin aiki ya fara ranar 1 ga Yuli, 2013, ƙarƙashin shugabancin Nasir Isa Fagge na Jami'ar Bayero. A farkon Nuwamba Shugaba Goodluck Jonathan da kansa ya zauna da shugabannin ƙungiyar na tsawon kusan awa 13, aka fito da tayin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida: biliyan 200 a 2013, sannan biliyan 220 a kowace shekara biyar masu zuwa. Duk da cewa shugaban ƙasa ne ya yi tayin, shugabannin ba su amsa a fadar ba, sai suka mayar da maganar rassa.

Rassa suka yi tarukansu, ra'ayi ya rabu, aka sa ranar zaman majalisar zartarwa a Kano. A kan hanyar zuwa wannan zama ne Festus Iyayi ya rasu ranar 12 ga Nuwamba kusa da Lokoja, a hatsarin da ya haɗa motarsu da ayarin motocin gwamnan Kogi. Aka ɗage zaman. Gwamnati ta ba da wa'adin komawa aiki ko kora, wanda bai yi tasiri ba. Ƙungiyar ta kafe kan sharuɗɗa: a nuna shaidar an ajiye biliyan 200 a Babban Bankin ƙasa, a rubuta cewa ba za a hukunta kowa ba, a kuma sa hannu a gaban shaida. An yi haka a watan Disamba, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ya zama shaida, aka dakatar da yajin aiki ranar 17 ga wata bayan zama a Minna. Kason farko ya fita. Na shekarun da suka biyo baya bai fita yadda aka tsara ba.

Shekarar 2022

Sake duba yarjejeniyar 2009, wanda ya kamata a yi a 2012, sai a 2017 aka kafa masa kwamiti ƙarƙashin Wale Babalakin. Bayan shi aka kafa na Farfesa Munzali Jibril, wanda ya kammala daftari a 2021, sannan na Farfesa Nimi Briggs a 2022. Kwamitocin biyu na ƙarshe sun cim ma matsaya da malamai, amma daftarin ya tsaya a ma'aikatun da ke riƙe da kuɗi da albashi. A tsakani an yi yajin aikin wata tara a 2020, wanda ɗaya daga cikin dalilansa shi ne tilasta wa malamai shiga tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na IPPIS.

Yajin aikin 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu. Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta tsayar da albashi bisa ƙa'idar ba aiki ba biya, ta yi tayin ƙarin kashi 23.5 cikin ɗari ga malamai da kashi 35 ga farfesoshi, ƙungiyar ta ƙi. Daga nan Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya kai ƙara kotun ma'aikata, wadda ta ba da umarnin komawa aiki ranar 21 ga Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta ce a bi umarnin kafin a saurari ƙorafi. A watan Oktoba ministan ya yi wa wasu sababbin ƙungiyoyin malaman jami'a biyu rajista. Ko a wannan hali sai da rassa suka taru kafin majalisar zartarwa ta dakatar da yajin aikin ranar 14 ga Oktoba, bayan wata takwas cif. Sai dai a wannan karo rassan sun taru ne bayan kotu ta riga ta yanke abin da za a yi, kuma malamai sun koma aji ba tare da sabuwar yarjejeniya ba.

Kammalawa

Abubuwa uku ne mai nazari zai riƙe daga wannan tarihi. Na farko, komawa ga rassa shi ya tsare ƙungiyar daga haramci har sau uku, domin ba a iya sayen hukunci ko karya shi ta hanyar kama mutum ɗaya. Na biyu, ƙuri'a ɓangare ɗaya take ɗaurewa. Muddin wanda ke zaune a ɗaya gefen teburin ba shi ne mai riƙe da baitulmali ba, kuma ba a shigar da alƙawari cikin doka ko kasafin kuɗi ba, malamai kan koma yajin aiki domin neman abin da aka riga aka ba su a rubuce. Harajin ilimi da shekarun ritaya sun tsira ne saboda sun zama doka. Na uku, ɗalibai da iyayensu, waɗanda suka yi asarar wata goma sha bakwai a 2020 da 2022 kaɗai, ba su da kujera a teburin tattaunawa, ba su da ƙuri'a a taron reshe.

Ƙungiyoyin malaman jami'a na ƙasashenmu, irin su SNECS a Nijar da UTAG a Ghana, su ma sun sha zama da gwamnatocinsu sun tashi da takarda a hannu. Kafin mamba ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da irin wannan takarda, ya dace ya tambayi shugabanninsa abu biyu: wane ne ya sa hannu a madadin baitulmali, kuma a wace doka za a rubuta abin da aka amince.