Daga Dafin Kibiya Zuwa Harsashin Jan Ƙarfe

Yankin Bodinga da Shagari, inda Dandin Mahe take, ƙasar baka da kibiya ce tun kafin bindiga ta yawaita. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda daga baya ya zauna a Sifawa kusa da Bodinga, da maharba suka karya dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804.

A farauta kuwa, ƙarfin kibiya yana cikin dafinta, wanda ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani, mai tsayar da zuciya. Ko a cinya aka sami barewa, dafin zai bi jini, maharbi ya bi sawu. In ta faɗi, sai a yanke naman da ke kewaye da raunin a jefar.

Bindigar toka ta rushe wannan lissafi. Albarushi da gutsattsarin ƙarfe ba su da dafi, saboda haka tilas maharbi ya matso kusa, ya nemi bayan kafaɗa, inda huhu da zuciya suke. Wanda ya sami tumbi ya yi asara biyu: dabbar ta tsere da rauni, ta mutu a inda babu mai yanka ta.

Sai dai harsashin dalma na bindigogin zamani ya dawo da dafi ta bayan gida. Yana tarwatsewa, ɓarɓashinsa ya watsu cikin nama nesa da raunin, inda ido ba ya gani balle wuƙa ta cire. Mutanen arewa maso yamma ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma, bayan ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. A Amurka, abin da ya tayar da maganar shi ne wata babbar ungulu da ke mutuwa bayan cin ragowar naman farauta, har jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma baki ɗaya daga Yulin 2019.

Madadinsa shi ne harsashin jan ƙarfe zalla, wanda kamfanin Barnes ya fito da irinsa a 1989. Ba ya tarwatsewa. Bakinsa ne ke buɗewa kamar fure, ya ratsa ƙashi da tsoka da kusan dukkan nauyinsa. Amma jan ƙarfe ya fi dalma tauri, kuma buɗewar tana buƙatar gudu, wajen mita 600 a daƙiƙa lokacin da ya sami dabba. Idan nisa ya cinye gudun, sai ya wuce kamar tsinke, ya bar ƙaramar huda. Shi ya sa masu amfani da shi ke zaɓar mara nauyi domin ƙarin gudu, suna rage nisa, wasu ma kan saita kan ƙashin kafaɗa, wurin da mai bindigar toka yake kaucewa.